Motocin da Ba Su Zuwa Ko'ina

Tun da na dawo ban huta ba. In na nufi masallaci a tare ni, in na zauna a majalisar bakin tasha a kewaye ni, kowa tambayarsa ɗaya: "Alhaji Isufu, yaya Amurka?" In na ce lafiya lau, sai a ce wane irin lafiya lau, mutum ya ƙetare teku ya dawo da kalma biyu? To, bari in zayyana shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba. Amma ina roƙo kada a tambaye ni ma'anar abin da na gani, don ni ma har yau juya shi nake yi.

Duk Matameye an san ni da tuƙi. Ƙuruciyata kaf a hanyar Damagaram ta ƙare, ranar kasuwa kuma in kwaso mutanen Tsauni da Dawce da awakinsu da buhunan hatsinsu, har idanu suka fara gajiya na ajiye. Ɗanmu na uku, Laminu, shi Allah ya ba kan karatu. Na sa shi lakwal, makarantar boko, musamman don kada ya ƙare a ƙarƙashin mota kamar ni. Ya yi Damagaram, ya yi Yamai, daga nan ya samu hanya zuwa wani yanki na Amurka da ake kira Kalifoniya. Da ya gama sai ya ce ya samu aikin motoci. Mu a nan muka fassara da kanmu, muka ce injiniya ne a masana'anta. Shekaru suka tura bai zo ba. Da ya aiko a yi mani takardu, uwarsa Hajiya Zuwaira ta ce mani, "Alhaji, ba yawon buɗe ido za ka ba. Ka je ka gano mani ranar dawowarsa."

Daga Matameye na shiga taksin Damagaram, na zauna a baya ina taka birkin da babu, domin direban yaron da na sani ne tun yana wankin mota. Daga Damagaram babbar bas ce zuwa Yamai, ta Maraɗi da Ƙonni da Dosso, tafiyar da sai ƙafa ta kumbura. A ofishin biza wata mata ce a bayan gilashi, da tafinta a gefe. Ta ce me ɗana yake yi. Na gyara zaman hula na ce injiniyan motoci ne. Ta buga tambari, na fito ina jin kaina.

Jirgi kam ba zan ce komai ba sai abu ɗaya: rana ta ƙi faɗuwa. Mun canza jirgi a wani gari, muka tashi da hantsi, na yi barci na farka hantsi ne, na ci abinci na sake barci na farka, rana na nan inda na bar ta. Agogona ya ce Isha ta wuce, taga ta ce Azahar ba ta yi ba. Na rasa wanda zan bi, sai na yi sallolina a zaune na roƙi Allah ya karɓa yadda suka zo.

Da muka sauka sai binciken kaya. A wurinmu ɗan duwan, wato kwastan, shi ke buɗe kaya da hannunsa. Can kare ne ɗan duwan. Wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya bi layi yana shinshina, ya zo gaban jakata ya zauna. Na ce masa tafi, bai tafi ba. Aka kai ni gefe, aka kira tafinta ta salula. Jami'in mai ladabi ne ƙwarai, da ladabin nan ya zaro kilishin da Hajiya ta sa aka yi wa ɗanta musamman, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce ai wannan ya bushe, ya daina zama nama. Ya ce ko ya bushe. Kuka ta wuce, kuɓewa busasshiya ta wuce. Da ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya ja da baya, suka ɗaure suka miƙo mani da sauri. Har yau ban san ko halatta ta suka yi ko tsoronta suka ji ba.

Laminu na tsaye a bakin ƙofa. Ya durƙusa, na ɗaga shi, na riƙe hannunsa, sai na ji tafin nan kaushi kamar nawa na da, ƙarƙashin farce kuma baƙin mai. Na saki hannun. Muka fita inda ake ajiye motoci, muka wuce sababbi masu sheƙi jere-jere, ya tsaya gaban wata tsohuwar akori-kura da ta girme ni. Rufinta a danne kamar an ɗora mata buhun siminti ɗari, cikinta na kusan shafar ƙasa, tayoyin baya manya, na gaba sirara.

Na ce, "Subhanallahi. Hatsari ta yi?"

Ya ce, "A'a Baba, ni na yi ta haka."

"Kai ka danne rufin?"

"Yanka shi na yi, na rage tsayin, na sake haɗawa."

"Don me?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ta fi kyau."

Da zan shiga rufin ya tuge mani hula. Da ya tayar da ita kuwa, na zaci salansa ce ta fashe. Ya ce lafiyarta ƙalau, haka ake so.

Ba masana'anta ya kai ni ba. Gareji ne na kwano a bayan gari, da ɗan ɗaki a samansa inda yake kwana, nan ya sauke ni. A ciki wani na walda da abin rufe fuska, tartsatsi na tashi. Mai waldar ya ɗaga murfin, sai ga tsohuwa, farar furfura, ta kai sa'ar yayata. Laminu ya ce, "Baba, ga Madam Dona, mai wurin." Ina tunanin yadda zan kauce wa musabaha, sai ta dafa ƙirjinta ta ce, "Sanu da suwa, Alaji." Ashe ya koya mata tun kafin in zo. Na amsa, na dubi ɗana, na dubi ramin da ake shiga ƙarƙashin mota. Wato na biya lakwal shekara da shekaru don in raba shi da ramin Matameye, ya hau jirgi ya zo ya shiga ramin wata tsohuwa.

Abinci bai ba ni wahala sosai ba. Laminu na sayo naman halal a shagon wasu Larabawa, ya tuƙa mani tuwon garin masara da kukar da kare ya bari. Da rana wata motar ƴan Meziko kan tsaya a bakin titi, suna naɗe wake da shinkafa cikin wata siririyar gurasa, da yaji mai kyau. Laminu ya tabbatar mani ba su sa kitsen alade. Abin da ya dame ni ruwa ne. Ko sanyi ake sai sun cika kofi da ƙanƙara. Maƙwabta kuwa ba su gaisuwa. Mutum zai ɗaga maka yatsu biyu ya wuce, karensa na zaune a kujerar gaba kamar mai gida.

Ranar Asabar da sassafe suka ce za mu taro. Wani fili ne gaban kantuna, motoci sun cika shi, dukkansu irin ta Laminu ko sun fi ta lalacewa. Wata ba rufi, wata ba murfin taya, wata inji a waje tsirara ya fi gaban motar tsayi. Kuma kowace an ɗage mata kapo, murfin injin nan, mai ita na zaune a gefe bisa kujera. Zuciyata ta karye. Na ce, "Laminu, duk waɗannan pan suka yi, suka ƙi tashi? Ga tsofaffi a rana, ba mai taimakonsu?" Har na naɗe hannun riga na nufi wani dattijo mai gemu har ciki. Laminu ya riƙo ni ya ce ba abin da ya same su, an buɗe ne don a kalla.

"A kalli inji?"

"Eh, Baba."

"Sannan a saya?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"To in an gama kallo fa?"

"Kowa ya tafi gida."

Na ga wata ja da aka zana wa harsunan wuta tun daga hanci har ƙofa. Na ce a'uzu billahi, mu da muke rubuta "Allah ya kiyaye" a bayan mota, wani kuma da kuɗinsa ya sa a zana masa gobara. Na kai hannu in taɓa fentin, mai ita ya yi wata ƙara kamar na taɓa matarsa. Kusa da ita wata ce duk tsatsa, ƙofa da huji, kujerarta buhu. Na ce to wannan dai talaka ne, Allah ya rufa masa asiri. Laminu ya ce likitan haƙori ne, tsatsar ma shafa mata wani mai yake yi don kada ta goge. Daga nan na daina tambaya na nemi inuwa.

A inuwar Madam Dona ta same ni da kofin gahawa, Laminu na fassara. Ta ce sunan irin motocin nan hot rod. Na ce me ke nan? Laminu ya ce kamar a ce zazzafan ƙarfe, amma su kansu ba su daidaita kan asalin sunan ba. Ta ce abin ya faro ne zamanin da aka yi wata babbar fatara a ƙasarsu, kafin yaƙin duniya na biyu. Samari ba su da halin sabuwar mota, sai su je bola su sayo wadda aka yar, su cire duk abin da ke da nauyi, su gyara inji da abin da suka tsinta, su tafi wasu busassun tafkuna a hamada su gwada wa ya fi gudu. Da aka dawo daga yaƙi, samarin sun koyo aikin inji a soja, sai abin ya ƙara ƙarfi. Mahaifinta na cikinsu. Ta ce suna tsere a titunan gari, ana mutuwa, ƴan sanda na kamawa, jaridu na zaginsu ƴan iska, har aka ware musu filaye na musamman.

Wannan ɓangaren na gane shi sarai. Na ce a faɗa mata mu ma haka muke, motar da Turawa suka yar ita muke tayarwa. Sai dai mu ƙara kujera muke yi, mu ƙara ƙarfen ɗaukar kaya a sama, mu ƙara ganyen sifirin, don mota ta mutum biyar ta ɗauki tara da akuya. Su sun tsinci mota sun cire kujeru. Ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce, "To ai abu ɗaya ne. Kowa ya ƙi yarda da yadda aka ƙera ta." Ban ga yadda ya zama abu ɗaya ba, amma na gyaɗa kai, baƙo ne ni.

Bayan ƴan kwanaki suka ɗora wata mota bisa tirela muka nufi hamada. Ita ce ta mahaifin Madam Dona, baƙa, ba rufi, kujera biyu. Wato motar da aka yi don gudu, ɗaukar ta ake yi a kai ta inda za ta gudu. Muka sauka a wani ƙaramin otel na bakin hanya, kowane ɗaki da ƙofarsa a waje. Gado ya ishi mutum huɗu, tawul har shida, amma ba buta. Laminu ya yanke gorar ruwa ya ba ni.

A ɗakin nan, bayan La'asar, ina kan darduma, ya zauna a ƙasa ya ce yana da magana. Ya ce Madam Dona ta tsufa, hannunta ya fara rawa. Tana so ta bar masa garejin, da kayan aiki, da masu kawo gyara. Lauya ya riga ya duba, abin da ya rage amincewata. Ya ce ya gaya mata ba zai sa hannu ba sai mahaifinsa ya gani da idonsa, shi ya sa ya aiko in zo.

Na ce, "In ka karɓa, yaushe za ka dawo gida?"

Ya sunkuyar da kai. "Zan riƙa zuwa, Baba."

"Ban ce zuwa ba. Dawowa na ce."

Na ƙara da cewa, "Uwarka fa? Me zan ce mata? In ce ɗanki na can yana yanke wa motoci kai?"

Ya ce, "Baba, na yi aikin ofis bayan na gama karatu. Kullum kaina ciwo. Ranar da na shigo garejin nan na ji warin mai, sai na ji kamar ina tashar Matameye ina jiran ka dawo daga Damagaram. In ka ce in bari, wallahi zan bari."

Da ya yi gardama da na san abin da zan ce. Amma ya miƙa mani wuƙa da nama, ni kuwa na rasa ta inda zan yanka. Na ce ya ba ni lokaci.

Washegari muka isa tafkin. Ba ruwa ko ɗigo, ƙasa ce fara a shimfiɗe kamar an daɓe ɗaki, har inda ido ya tsaya. Ba gari a gaba, ba kasuwa, ba kowa da ke jira. Mutum zai sa hular kwano, a ɗaure shi da bel, ya taka mota kamar aljanu sun biyo shi, ya kai can ya tsaya, a faɗa masa wata lamba, ya juyo yana murna. Na tambayi wani me ake ba wanda ya fi kowa. Ya ce sunansa ake rubutawa.

Na sa Laminu ya kira mani Madam Dona. Na ce ina da tambaya, kuma ya fassara daidai kada ya gyara. Na ce, "Ba ki da ƴaƴa ne?" Ta ce tana da biyu, namiji da mace. "To don me za ki ba ɗan wani gadonsu?" Ta ce gida da abin da ta tara nasu ne, garejin ne ba su so. Namijin ya ce ranar da ta mutu zai sayar da filin a gina wurin ajiye kaya. Ta ce ba ta jin haushinsa, kowa da abin da ke tayar da shi da safe. Sannan ta dube ni ta ce, "Na san abin da nake roƙo. Ɗiyata na can wani gari mai nisa, sai a salula nake ganin jikokina. Ni aka ɗauke wa, ga shi ni ma zan ɗauke wa wata. Ka gaya wa matarka na sani." Laminu ya fassara wannan yana kallon ƙasa.

Ba ta jira amsata ba. Ta miƙo mani hular kwano ta nuna baƙar motar. Na ce ni? Ta ce an ce mata direba ne ni. Akwai wani gefe da aka ware don masu gwaji. Na cusa babbar riga cikin wando, na ba wani Bature riƙon hulata, aka ɗaure ni kamar buhun gawayi, Laminu ya zauna a gefena. Na taɓa totur kaɗan, motar ta yi tsalle kamar doki ya ga maciji. Na sassauta. Muka tafi a hankali, ina duba rami, ina duba jaki, ina duba jandarma, ina leƙen gefen hanya ko akwai mai tsayarwa.

Laminu ya yi ihu cikin ƙarar inji, "Baba, ba kowa! Taka!"

"In wani abu ya gitta fa?"

"Ba abin da zai gitta!"

Tunda na karɓi farmi, lasisin tuƙi, ban taɓa tuƙa mota ba ran kowa a wuyana sai ranar. Na ce bismillahi na taka. Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Ƙasa ta zama ruwa, iska ta ja kumatuna baya, rigar da na cusa ta fito ta buɗe a bayana kamar tuta. Na ji wani yana ihu, ashe ni ne. Laminu na riƙe da salula yana ɗauka, yana dariya har da hawaye. Da muka tsaya aka kwance ni. Aka faɗa mani lambata, aka ce a wurinsu gudun masu koyo ne, amma tsofaffin nan suka taru suna tafa mani, mai gemu har ciki ya rungume ni ba shiri.

Na yi taimama a ƙasar tafkin na yi Azahar a inuwar tirela. Da na sallame na daɗe a zaune. Ban gane amfanin abin ba, kuma ban gane ba har yanzu. Mota ce ba ta kai kowa asibiti, ba ta kai hatsi kasuwa. Amma na ga fuskar ɗana, na kuma ga yadda dattawan nan ke kiran sunansa su tambaye shi shawara, yana amsawa ba rawar murya. Na kira shi na ce ya sa hannu. Na ce sharaɗina biyu: kowace shekara uwarsa ta gan shi da idonta, ba a salula ba, kuma kada ya taɓa zana wuta a motar da zai shiga. Ya kama hannuna da hannu biyu. Madam Dona na daga nesa, ta ga abin da ya faru, ta juya baya tana goge gilashin da ba shi da datti.

Dawowa ba labari, sai dai wannan karon rana gudu ta yi, dare ya zo tun ban shirya ba. Na iso Matameye da rana, gida ya cika, aka ci aka sha aka watse. Hajiya ta kawo mani fura ta zauna a bakin tabarma. Ba ta tambaya ba, kallona kawai take yi. Na faɗa mata duka, ban rage ba, har saƙon tsohuwar. Na ce ni na ba shi izini, in laifi ne nawa ne.

Ta ce, "Wato na aike ka ka ɗauko shi, ka je ka ba da shi."

Na ce, "Haka ya zama."

"Ita matar, da bakinta ta ce ta sani?"

"Da bakinta."

Na rasa abin yi, sai na buɗe salula na nuna mata hoton tafkin mai motsi da Laminu ya turo mani. Ta ga mijinta da hular kwano, riga na tashi, baki a wangame. Ba ta yi dariya ba. Can sai muryar Laminu ta fito, yana ƙyaƙyatawa yana cewa taka, Baba, taka. Ta karɓe salular daga hannuna, ta tashi ta shiga ɗakinta ta saki labule.

Ina zaune a tsakar gida da kwanon fura, sai na ji inji ya tashi a ɗakin Hajiya, ya yi ruri, dariyar yaron ta biyo baya, ya mutu. Aka ɗan jima ya sake tashi. Har aka kira Magariba ba ta fito ba, ni kuma ban aika a karɓo salular ba.